Fragile X: Kuɗin Neman Magani da Kuɗin Riƙon Iyali

A watan Mayun 2013 wani ƙaramin kamfanin haɗa magunguna a jihar Massachusetts ta Amurka, Seaside Therapeutics, ya shaida wa iyalan da 'ya'yansu masu ciwon gado na Fragile X ke shan maganin gwaji mai suna arbaclofen cewa za a daina ba su. Babban gwajin bai nuna abin da ake nema ba, kuɗin ci gaba kuma babu. Iyaye da yawa sun dage cewa sun ga canji da idonsu, cewa yaron da ba ya iya zama a cikin mutane ya fara zama, amma shaidarsu ba ta dawo da maganin ba. A watan Afrilun 2014 Novartis ya janye nasa maganin, mavoglurant. Kafin shekarar ta fita Roche ma ya ajiye basimglurant. Cikin ƙasa da shekara biyu, magunguna ukun da aka fi ɗora wa rai a kan ciwon Fragile X duk suka faɗi.

Tun daga nan wata tsohuwar muhawara ta sake tasowa a tsakanin masu tara kuɗi: sisin da aka samu, ɗakin bincike za a kai ko gidan da ake riƙon yaron? Wanda ya bi diddigin yadda gwaje-gwajen nan suka rushe zai ga cewa tambayar tana da gyara, domin abin da ya kayar da su ba a ɗakin bincike ake samunsa ba, a asibitin da ke ganin iyalai yau da gobe yake.

Sai an san ciwon kafin a fahimci lissafin. A kan kuromosom X, ɗaya daga cikin ƙunshin gado da ke cikin ƙwayoyin jikin mutum, akwai wata ƙwayar gado da ake kira FMR1, wadda aka gano a 1991. A bakinta akwai haruffa uku, CGG, da ke maimaita kansu. Yawancin mutane suna da maimaici 5 zuwa 44. Daga 45 zuwa 54 ana kan iyaka. Daga 55 zuwa 200 mutum mai ɗauke da abin ne, abin da za mu kira rabin canji. Da zarar ya haura 200, cikakken canji ke nan: jiki yakan lulluɓe wurin da wani sinadari ya kulle ƙwayar gadon, sai ta daina fitar da furotin ɗinta, FMRP. Aikin wannan furotin a mahaɗar jijiyoyin ƙwaƙwalwa kamar na birki ne, shi ke hana a ƙera wasu furotin fiye da kima. Idan babu shi, koyo ya yi nauyi, magana ta yi jinkiri, ƙara da haske da cunkoso su riƙa firgita yaro fiye da misali. Sunan Fragile X, wato X mai saurin karyewa, ya samo asali daga yadda ƙarshen kuromosom ɗin ke bayyana a madubin likita kamar zai ɓalle, abin da Herbert Lubs ya fara gani a 1969, shekara ashirin da shida bayan Martin da Bell sun bayyana wani dangi a Ingila da maza da yawa a cikinsa ke da naƙasar fahimta.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana ƙiyasta cewa ciwon na shafar namiji ɗaya cikin 7,000 da mace ɗaya cikin 11,000. Shi ne kan gaba a cikin naƙasar fahimta da ake gada. Maza sun fi jin jiki saboda X ɗaya gare su. Mace tana da na biyu da ke rufa mata asiri, har wasu matan ba a ganin komai a tare da su sai tsananin kunya, fargaba da wahalar lissafi. Kusan rabin mazan suna da otizim, wanda wasu ke kira galahanga. Kimanin kashi 15 cikin ɗari na mazan suna farfaɗiya. Doguwar fuska da manyan kunnuwa da ake yawan ambata ba sa fitowa sosai sai yaro ya tasa, saboda haka likitan da ke jiran ya gane ciwon a fuska zai makara.

Wanda ya saba da lissafin sikila, AS ya auri AS, ya ajiye wannan lissafin a gefe, domin nan ba haka abin yake tafiya ba, kuma auren zumunci ba shi ke kawo shi ba. Uba mai rabin canji zai ba wa duk 'ya'yansa mata, ba zai ba ɗa namiji ko ɗaya ba, kuma a hannunsa maimaicin ba ya tsallakawa zuwa cikakke. A hannun uwa ne yake faɗaɗa. Kowane ciki tana da rabi da rabi ta ba da X mai matsalar, sannan yiwuwar ya haura 200 ta danganta da tsawon nata: ƙasa da 60 haɗarin kaɗan ne, sama da 100 kusan tabbas ne. Akwai kuma wasu haruffa, AGG, da ke shiga tsakanin jerin kamar ƙulli a igiya. Idan suna nan, jerin bai cika zamewa ba. Shi ya sa kaka zai yi rayuwarsa lafiya lau, 'ya'yansa mata su yi aure lafiya, sai a jikoki abin ya bayyana a gidaje uku ko huɗu da ba su taɓa haɗa zancen ba.

Masu ɗauke da rabin canjin ma ba su tsira gaba ɗaya ba. Kimanin mace ɗaya cikin biyar al'adarta kan ɗauke kafin ta kai arba'in. Maza kuwa, kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda suka haura hamsin sukan kamu da karkarwar hannu da tangaɗi wajen tafiya, ciwon da Randi Hagerman da abokan aikinta suka bayyana a 2001, wanda ake kira FXTAS kuma ake yawan ɗauka cutar Parkinson ce. An lura da shi ne saboda iyaye mata da ke kawo 'ya'yansu asibiti suna yawan ambatar cewa mahaifinsu ya fara faɗuwa. Wato wani sabon ciwo sukutum ya fito daga hirar ɗakin likita.

Kuɗin binciken daga tushe uku suke zuwa, kowanne da halinsa. Gwamnatin Amurka, ta hannun hukumar binciken lafiya ta ƙasa, NIH, ita ce mai babban kaso, kuma dokar lafiyar yara ta shekarar 2000 ce ta sa aka kafa cibiyoyi na musamman kan Fragile X. Sai dai NIH ba ta cika sa kuɗi a kan tunanin da ba shi da sakamakon farko ba. Wannan giɓin ne ƙungiyoyin iyaye ke cikewa. FRAXA, wadda Katie Clapp da Michael Tranfaglia da Kathy May, dukkansu iyayen yara masu ciwon, suka kafa a 1994, tana ba da ƙananan tallafi na shekara ɗaya ko biyu, abin da zai riƙe matashin mai bincike har ya samu abin nunawa ga masu manyan kuɗi. National Fragile X Foundation, da ta girme ta da shekara goma, ta fi karkata ga asibitoci, wayar da kai da matsa wa majalisa lamba. Na uku kamfanoni ne, waɗanda su kaɗai ke iya ɗaukar nauyin babban gwaji. Abin da ke jawo su dokar 1983 ce kan cututtukan da masu su ba su kai 200,000 a Amurka ba, wadda ke ba kamfani shekara bakwai shi kaɗai a kasuwa. Kamfani kuwa ɗan kasuwa ne. Gwaji ɗaya ya faɗi, ya naɗe tabarmarsa.

A 1994 masu bincike a Holan da Beljiyam suka samar da ɓeran da aka cire wa ƙwayar gadon. A kansa Kimberly Huber da Mark Bear suka ga cewa wata ƙofar saƙo a ƙwaƙwalwa, mGluR5, tana aiki ba birki, kuma a 2004 su da Stephen Warren suka fitar da hasashen da ya ja ragamar fagen shekara goma: a rage ƙarfin wannan ƙofa, alamomin za su lafa. A ɓera haka aka gani. Farfaɗiyar da ƙara ke tayar masa ta ragu, siffar jijiyoyin ta gyaru, har a ɓeran da ya riga ya girma. Da wuya a samu hasashen da ya yi kyau a takarda kamar wannan.

To me ya faru a jikin mutum? A duba yadda aka auna gwajin mavoglurant. Manya 175 da matasa 139, mako goma sha biyu. Ma'aunin nasara takarda ce mai suna ABC, wadda asalinta tambayoyi 58 ne da aka tsara a 1985 don mutanen da ke zaune a gidajen kula da masu naƙasa, aka ɗan gyara ta. Uwa ce ko mai riƙo zai zauna da biro: yana kururuwa ba dalili? Yana kaɗa jiki? Yana guje wa mutane? Ta zaɓa daga sifili zuwa uku. Uwar nan ta yi shekara goma sha biyar tana jiran magani, ta yi tafiyar awa huɗu zuwa asibitin, an karɓe ta da fara'a, an saurare ta yadda ba a taɓa yi ba. Ko ƙwayar wofi aka ba ɗanta, wadda ba komai a cikinta, hannunta zai karkata zuwa ƙaramar lamba. Ba ƙarya take yi ba, kuma sau da yawa gidan ma ya ɗan natsu da gaske saboda kulawar da aka samu. Sakamakon shi ne rukunin ƙwayar wofi ya samu sauƙin da ya kai na masu shan maganin, bambancin ya ɓace.

Bayan wannan akwai wasu kurakuran da aka gane daga baya. Maganin an ƙera shi don gyara yadda ƙwaƙwalwa ke koyo, amma aka je auna fushi da kaɗa jiki. An ba mutumin da ya shekara talatin, ba tare da wani sabon darasi da zai koya ba, aka ce a ga canji cikin wata uku. An kuma samu alamun cewa ɓeran kansa yana sabawa da maganin idan aka daɗe ana ba shi. Ga kuma abin da ya fi zurfi: ɓeran nan cire masa ƙwayar gadon aka yi, alhali a mutum tana nan, kulle ta aka yi, kuma a wasu mutanen kullen bai cika ba, suna fitar da ɗan furotin. Mutane ɗari da ke da suna ɗaya na ciwo ba lallai su zama abu ɗaya ba.

Ya kamata a yi wa masu hasashen adalci, a kuma faɗi abin da bai yi musu daɗi ba. NIH ta biya gwajin da ya gyara yawancin waɗannan kurakurai: yara 'yan shekara uku zuwa shida, maganin tare da horon magana da iyaye ke yi a gida, na tsawon watanni, ana auna kalmomin da yaron ke furtawa da gaske. Elizabeth Berry-Kravis ta Jami'ar Rush a Chicago ce ta jagoranta. Maganin bai ƙara komai ba. Don haka ba duk laifin ke kan ma'auni ba, hasashen ma bai ɗauki mutum yadda ya ɗauki ɓera ba. Amma an kashe shekara goma da maƙudan kuɗi kafin a iya faɗin haka da tabbaci, saboda gwaje-gwajen farko ba su iya bambance "maganin ba ya aiki" da "ba mu iya gani ba". Matsalar kuma ba ta tafi ba. Man shafawa na cannabidiol, wani sinadari da ake samu a tabar wiwi, da kamfanin Zynerba ya gwada ya kasa cin ma'auninsa a 2020, aka sake gwada shi a hannun Harmony Biosciences, a 2025 ya sake faɗuwa, kamfanin ya ce rukunin wofi ya samu sauƙi fiye da yadda aka zata.

Gwajin da ya bi wata hanya shi ne na zatolmilast, wanda aka wallafa a 2021. Maza talatin kacal, a asibiti ɗaya, kowa ya sha maganin mako goma sha biyu ya kuma sha na wofi mako goma sha biyu, ya zama shi ne ma'aunin kansa. An zaunar da mutumin gaban allon kwamfuta, a nuna masa hotuna a faɗi kalma ya taɓa wanda ya dace, a ba shi haruffa da kalmomi ya karanta. An ga ƙaruwa a kalmomi da karatu, kamfanin Shionogi na Japan ya ɗauki maganin zuwa manyan gwaje-gwaje. Mutum talatin ba hujja ba ce ta cewa an samu magani, kuma ƙananan gwaje-gwaje sun sha yaudarar wannan fage. Abin lura shi ne ma'aunin. Sai da aka ɗauki shekaru ana zaunar da masu naƙasar fahimta suna yin wannan jarrabawar, ana gyara ta, ana tabbatar da cewa wanda ya ci maki kaza yau zai ci kusan haka bayan wata guda, kafin a iya dogaro da ita. Wannan aiki ba ya fitowa a labarai, ba a shirya liyafar tara kuɗi da sunansa, kuma ba ya yiwuwa sai da asibitocin da iyalai ke komawa shekara bayan shekara. Haka rajistar FORWARD da CDC ke biya take: bayanan da ake tarawa a asibitocin Fragile X, waɗanda ke nuna yaushe yaro ke fara magana, yaushe yake iya shiga bayan gida da kansa, nawa ne ke farfaɗiya. Ba tare da sanin yadda ciwon ke tafiya shi kaɗai ba, ba yadda za a ce magani ya canza masa hanya.

Iyali kuwa ba sa zuwa asibiti don su zama alƙaluma. Suna zuwa ne idan akwai abin da za su koma gida da shi, kuma abu na farko sunan ciwon ne. Binciken da Don Bailey ya jagoranta a 2009 ya nuna cewa a Amurka sai yaro namiji ya kai kimanin wata 35 zuwa 37 ake gano ciwon, alhali iyaye sun fara damuwa tun yana wajen shekara ɗaya. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iyalan sun riga sun haifi wani mai ciwon kafin a gano na farko. Gwajin kansa jini ne kaɗan, a ƙirga maimaicin da gwajin da ake kira PCR, a duba kullen da wani mai suna Southern blot ko makamancinsa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a yi gwajin kuromosom na gama-gari, ko wanda ke karanta dubban ƙwayoyin gado a lokaci ɗaya, ya fito ba komai, a ce an duba. Waɗannan ba sa ƙirga CGG. Sai an rubuta gwajin FMR1 da sunansa.

Sakamako ɗaya kuma ba na mutum ɗaya ba ne. Mai ba da shawara kan gado zai ɗauki takarda ya zana dangi: uwar yaron, 'yan'uwanta mata, wadda ta daɗe ba ta samu haihuwa ba, mahaifinsu da hannunsa ke rawa idan zai ɗauki kofi. A nan ake buƙatar lalama, domin kalmar "daga wajen uwa" ta isa ta girgiza aure idan aka jefa ta ba bayani, alhali sau da yawa ita ma daga mahaifinta ta karɓa. A yammacin Kamaru, Karen Kengne Kamga da Ambroise Wonkam da abokan aikinsu sun bi dangin wani gidan sarauta da kakansu ya auri mata masu yawa, aka kai jinin Afirka ta Kudu aka gwada, suka wallafa a 2020. Mutanen garin sun daɗe suna ɗaukar abin a matsayin la'ana a kan gidan. Lissafin gadon ya bayyana dalilin: namiji ɗaya mai rabin canji, 'ya'ya mata da yawa, kowacce ta tafi da shi gidan mijinta. Duk inda ake da manyan gidaje irin wannan, har da ƙasar Hausa, hanyar yaɗuwar ɗaya ce. Wani abin kuma, yaron da ke miƙa hannu ya kawar da kai da jiki gefe wajen gaisuwa, wanda alama ce sananniya ta ciwon, a inda sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne ana iya yaba masa da kunya.

Abin da ke rage wahalar yau da kullum ba shi da tsada kamar neman magani, sai dai yana son mai koyarwa. A duba kunne akai-akai, domin ruwa a bayan dodon kunne ya yi yawa a yaran nan, kuma yaron da ba ya ji sosai maganarsa za ta ƙara jinkiri. A duba ido saboda karkacewa. Kada a tilasta masa kallon ido cikin ido. A zauna gefensa, ko mutum biyu su yi zancen abin da za a yi yana ji, zai fi ɗauka. Suna koyo da kwaikwayo da ganin abu gaba ɗayansa, ba sa jin daɗin a gutsuttsura musu aiki, don haka a nuna aikin daga farko har ƙarshe. A jera hotunan abin da zai faru a ranar, a gargaɗe shi kafin a sauya. Cizon hannu da jan kunnuwa da maimaita kalma ɗaya alamun cewa firgici ya fara hawa ne. A fitar da shi daga hayaniya kafin ya fashe, a ba shi abin tauna mai tsabta. Bugun yaro a wannan lokaci ƙara wa wutar mai ne. Magungunan da likitoci ke bayarwa na fargaba, rashin natsuwa, barci da farfaɗiya suna taimakawa, amma alamomi suke taɓawa, kuma ana farawa da kaɗan saboda yaran nan ba su cika jure yawa ba.

A Amurkar da ta fi kowa kashe kuɗi a binciken ma, nan ne tsarin ke ɗingishi. Doka ta ba yaro haƙƙin horo tun daga haihuwa zuwa shekara uku, sannan tsarin karatu na musamman har zuwa 21. Majalisa ta yi alƙawari a 1975 cewa gwamnatin tarayya za ta ɗauki har kashi 40 cikin ɗari na kuɗin, amma a 'yan shekarun nan abin da take bayarwa bai kai kashi 15 ba. Bayan makaranta ta ƙare, tallafin zama a gida ta hanyar Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, yana da layin jira da ya ƙunshi dubban ɗaruruwan mutane, a wasu jihohin na shekaru. Mai karɓar alawus ɗin naƙasa na SSI ba zai mallaki fiye da dala 2,000 ba, adadin da bai motsa ba tun 1989, sai dokar ABLE ta 2014 ta buɗe asusun da za a iya tara har dala 100,000 ba a yanke masa ba. Masu Fragile X kuwa galibi suna da tsawon rai irin na kowa, wato za su rayu bayan iyayensu, kuma wanda zai gaji riƙon sau da yawa 'yar'uwa ce da ita ma mai yiwuwa tana ɗauke da canjin.

Binciken yanzu ya fara komawa kan tushen: buɗe ƙwayar gadon da aka kulle. A 2018 ɗakin binciken Rudolf Jaenisch ya cire kullen a ƙwayoyin mutum da aka raina a kwano, furotin ya dawo. Tsakanin kwano da ƙwaƙwalwar yaro akwai tafiya mai nisa, da tambayoyin yadda za a kai maganin ko'ina a ƙwaƙwalwa da kuma nawa ne ya isa, tunda yawan furotin ɗin ma yana da illa. Ranar da aka zo gwada shi, za a nemi yara ƙanana da aka riga aka gano, waɗanda aka san inda maganarsu take bara da bana, a asibitin da iyayensu suka yarda da shi. A jihar North Carolina, shirin Early Check da aka fara a 2018 ya ba iyaye zaɓin a gwada jaririnsu da ɗigon jinin dunduniya da ake ɗauka bayan haihuwa, sannan a bi waɗanda aka samu da horo tun ba su fara rarrafe ba.